Wasiƙar Akawu Daga Tozai: Ba Wuƙa Ce Ta Kashe Shi Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan filin da ka saba ba ni. Makon nan maganata a kan ciwon dajin tumbi ce.

Bara muka kai kawuna Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin nan ya fi shekara yana fama da zafin ciki, mu kuwa muna cewa gyambon ciki ne, yau kanwa, gobe saiwa, jibi ƙwayar kasuwar Isa. Aka yi masa aiki, ya komo gida da ƙafarsa. Bayan wata bakwai muka binne shi, Allah ya jiƙansa. Sai na ji ana cewa a zaure wuƙar likita ce ta kashe shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, gama in maganar nan ta zauna, gobe wani zai ƙi asibiti.

Jama'a, aikin nan ba sabo ba ne. A 1881 likita Billroth na birnin Biyana ya fara yanke dajin tumbi mai cuta ta tashi. Amma bayan kamar wata 4 ta rasu, domin ciwon ya riga ya bazu. Watau tun ran farko an ga inda gizo ke saƙa.

Abu huɗu ke sa mutum ya daɗe bayan aikin, da yardar Allah.

Na fari, shi ne babba: zurfin da ciwon ya yi kafin a zo. In bai wuce fatar cikin tumbi ba, a Japan, inda ake duba mutane tun ba su kwanta ba, fiye da 90 cikin 100 sukan kai shekara 5. In ya huda tumbi ya kai hanta, wuƙa ba ta iya cim masa.

Na biyu, a cire shi kakaf, kada a bar ko ɓurɓushi a bakin yanka, a haɗa da 'yan kaluluwar da ke kewaye da tumbi, gama ta nan yake bi ya yaɗu. Gwargwadon yawan waɗanda ya kama, gwargwadon hatsarin komowarsa.

Na uku, maganin da ake ɗurawa ta jijiya kafin aiki da bayansa. A wani bincike na Ingila da aka buga a 2006, waɗanda aka haɗa musu aiki da magani 36 cikin 100 suka kai shekara 5, masu aiki kaɗai kuwa 23. Saboda haka wanda ya sai da sa domin kuɗin aiki, ya tanadi na magani da na mota tun da wuri, balle yanzu da hanyar Isa ba kullum take biyuwa ba.

Na huɗu, jinya a gida. Wanda aka rage wa tumbi ba shi cin malmalar tuwo a zama guda, sai kaɗan kaɗan, kamar sau shida a yini. Wanda aka cire masa duka, allurar B12 ta zama tasa har iyakar rai. Ya bar taba, ya riƙa komawa ranar da likita ya sa.

To, malamai da akawuna, ku ne ake kawo wa takarda ku karanta, ku ne ake jin maganarku. In kun ga dattijo yana ramewa, loma uku ya ƙoshi, yana amai bayan ci, ko bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, kada ku ce gyambo ne. Ku matsa a kai shi inda za a zura na'ura ta maƙogwaro a leƙa tumbin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu mun makara, kada ku makara.

Haza wasalam.

Naka,
Akawun Tozai