Ba kowane toshewar hanci ne mura ba

Ga hunturu ya kama, hazo ya rufe gari. Gida gida sai tari da majina. In mutum ya ce hancinsa ya toshe, numfashinsa ba ya kaiwa ƙasa, sai a ce masa: "Mura ce, yi haƙuri, za ta wuce." Wannan magana ta kai mutane da yawa kushewa.

Mura ta gaskiya ba ta daɗewa. Kwana 7 ko 10 ta tafi. Kuma mura ba ta hana namiji ɗaukar kalme, ba ta sa mace haki tsakanin rijiya da gida. In toshewar hanci ta yi makonni, ko numfashi ya fara sarƙewa, to akwai wani abu a ƙarƙashi. Yana iya zama huka, ko ciwon haƙarƙari, ko tarin huka, ko ƙarancin jini. Mai jego da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune, zuciyarta ce ta gaji. A kai ta likita ranar nan.

To, mi muke yi mu kuwa? Ran kasuwa sai mu tsaya wurin mai tallar ƙwayoyi. Tirensa ya yini cikin rana. Bai auna kowa ba, bai saurari ƙirjin kowa ba. Ya ba ka ja biyu da rawaya ɗaya, ka biya dala ashirin. Ka ce ka yi araha. Wace araha? Ciwo yana nan yana cin huhu, kai kana murna. Maganin ɗigawa a hanci ma, in ka wuce kwana 5 kana sa shi, shi da kansa zai ƙara toshe maka hanci.

Wani zai ce gidan likita da nisa, ga kuɗin mota. Gaskiya ne. Amma lissafa kuɗin ƙwayoyin wata uku, ka haɗa da damanar da za ka yi a kwance, gonarka tana cika da haki. Wanne ya fi tsada?

Ga abin da za ka riƙe. Tarin da ya kai mako 2, a je a auna kaki. In tarin huka ne, maganinsa kyauta ne, ana shan shi wata 6 ba fashi, kuma ana warkewa. Mai huka kuwa akwai maganin shaƙawa da ke buɗe masa ƙirji. Masu cewa wanda ya fara shi ya zama bawansa, ba su san abin da suke faɗi ba.

Yaro fa? Ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance lafiya lau, ka ƙidaya numfashinsa na minti guda. Daga wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50, ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi yawa. In ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, kada a jira gari ya waye.

A gida ma akwai aiki. Tafasa ruwa lita guda, zuba gishiri ƙaramin cokali 2 a shafe, bari ya huce, ka riƙa wanke hanci safe da marece. A fid da murhu waje, hayaƙin kara da kashin shanu maƙiyin huhu ne. Ran sussuka da shiƙa a rufe hanci da rawani ko kallabi. Mai shan taba ya bari, ko don ƴaƴansa.

Mai gida, kai ke riƙe da kuɗi, kai ke ba da izini. In matarka ko ɗanka na haki, kada ka ce mura ce. Ɗaura wa jaki amalanke ku tafi. Ka karanta, to, karanta wa maƙwabcinka shi ma.