Inna ma tana da abin da ranta ke so

Duk lokacin da hukuma ko wata ƙungiyar agaji ta tashi maganar mata a Jihar Kebbi, mutum biyu take nufi: yarinyar da ake so ta zauna a makaranta, da mai juna biyun da ake so ta je awo. Dukansu sun cancanci kulawa, wadda ake ba su ma ba ta kai ba. Sai dai akwai ta uku da ba ta cikin lissafin kowa. Ita ce matar da ta haura shekara 40 amma ba ta kai 60 ba. Ta gama haihuwa ko ta kusa, ta fara aurar da 'ya'ya, jikoki sun fara hawa bayanta, kuma ba ta tsufa ba balle a ɗauke mata aiki.

A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran garuruwan Masarautar Gwandu, gidaje da dama a kan wannan mata suke tsaye. Ita ke turara shinkafa ta shanya a kai kasuwar Jega. A Aliero, garin albasa, idan maza sun gama cira, ita ke kirɓa lawashi ta mayar da shi gabu, don kada ko ganye ya tafi a banza. Ita ke ƙuli-ƙuli da daddawa, da kiwon tunkiyar da za a sayar ranar da wani ya kwanta ciwo. Idan 'yarta ta haihu ita ke hidimar wankan jego, idan uwar miji ta tsufa ita ke jinya, idan auren ƙanwa ya yi tsami ita ake turawa sulhu. Aikinta ba ɓoyayye ba ne. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne me ranta ke so, kuma yaushe take samun sararin yin sa.

'Ya'yanta, waɗanda su ne masu wayoyin da ake karanta wannan shafi da su, sun fi saninta da halayen da suke yi wa dariya. Ba ta yar da leda, ba ta yar da gwangwani. Tana ƙulle kuɗi a haɓar zani ko da an buɗe mata asusun banki. Tana da kwalla da langa a jere waɗanda ba a taɓa zuba abinci a ciki ba, amma duk Sallah sai an sauke an wanke. Akwai turmin atamfa a ƙasan akwatinta da ya shekara goma ba a kai wa tela ba. Rediyonta na kunne tana barci, kana kashewa ta farka ta ce ai tana ji. Idan ta ɗauki waya sai ta ɗaga murya kamar wanda ke Legas ɗin da kunnensa zai jiyo ta. Ka tambaye ta shekarar da aka haifi wane, ba za ta ba ka lamba ba, sai ta ce shekarar da ruwa ya ci fadama.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Wadda aka haifa a Maiyama a 1975, a Jihar Arewa maso Yamma aka haife ta, ta yi ƙuruciya a Jihar Sakkwato, ta yi aure ko goyon fari a daidai lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a watan Agustan 1991, duk ba ta gusa daga garinsu ba. Naira ta girme ta da shekara biyu kacal, don haka a hannun masu lissafi da fam da sule ta koyi ƙirga. Shi ya sa har gobe naira dubu a bakinta jikka biyar ce. Tana da wayonta lokacin farin 1984, ta ga yadda aka riƙa auna hatsi ana rage tukunya, ta kuma ga tsadar da ta biyo bayan karyewar darajar naira daga 1986. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya yar da abin da zai yi amfani gobe. Batun banki kuwa, canjin kuɗi na farkon 2023 ya ƙara mata hujja: masu kuɗi a banki sun kwana a layi, masu kuɗi a asusun ƙasa sun shiga neman wanda zai canza musu, wadda ta yi barci da daɗi ita ce mai akuya a turke.

Kwallar nan ma ba ado kaɗai ba ce. Kowace ɗaya ta san wanda ya ba ta: wannan daga gwaggonta, waccan uwarta ta saya da kuɗin fura, wannan ƙawarta ta kawo ranar jere. Da yawan masu kyautar sun riga mu gidan gaskiya. Mace irin wannan ba ta da kundin hotuna, ba ta rubuta komai ba. Abin tunawarta ke nan a jere a bango, kuma shi ne jarinta na ƙarshe idan rana ta ɓaci.

Nishaɗinta bai taɓa zama mai tsada ba. Na farko rediyo. Ta tashi da Rediyon Kaduna da Rima Rediyo, da gaishe-gaishen Zaɓi Sonka da barkwancin Samanja, a lokacin da mace a cikin kulle ba ta da wata taga da take leƙa duniya sai wannan akwati. Sai kaset, musamman na amada. Marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ba don daɗin kiɗan ƙwarya kawai mata suka riƙe ta ba. Ta yi waƙa a kan abin da ke cin ransu: kishiya, haihuwa, da matar da ta zauna ba sana'a. A gidan biki, idan aka kifa ƙwarya a kan ruwa, maza suna waje, nan ne matar da ta shekara tana haɗiye magana take juyi ta yi dariya har da hawaye. Bikin kansa ba cin shinkafa ba ne kawai. Nan ake ganin 'yan uwan da aure ya kai Jega ko Andarai ko Birnin Kebbi, nan ake mayar da gudummawa, nan ake jin wa ke da lafiya, wa ke cikin matsi. Haka ma adashi. Rabinsa kuɗi ne, rabinsa hirar da ake yi a ɗakin uwar adashi ranar zubi.

Akwai kuma Islamiyyar matan aure, wadda ga mata da yawa ita ce makarantar da aka hana su suna yara. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 bai kai ga kowace yarinya ba, waɗanda ya kai gare su ma an cire da dama kafin su gama. Ganin mai shekara 48 da jakar littattafai tana haɗa baƙi, tana gardama da ƙawarta a kan wa ta fi hadda, ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, a kan irin waɗannan mata ta gina tsarin 'yan taru. Manyan mata da suka gama raino ta zaɓa ta naɗa jaji, ta ba su malfa, su ke jagorantar mata daga ƙauyuka zuwa wurinta, su koma su karantar. Ta ga abin da masu tsara shirye-shiryen mata na yau ba su gani ba: wannan ne shekarun da mace ke da hankali a kwance, da ƙafar tafiya, da bakin da ake saurara.

Yanzu duk wannan yana tsukewa. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya sa zuwa suna ko gaisuwa a garin da ke kusa ya zama abin da sai an yi shawara. A gidan da ake lissafin awo, kuɗin motar Inna ne farkon abin da ake yankewa, sai batirin rediyonta. Zumunci ya koma waya, wayar ma a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100. Waya ta kawo nata alherin, ba a musu: saƙon murya a WhatsApp ya yi wa wadda ba ta iya rubutu ba rana, ga littattafan Hausa da ake karantawa a YouTube, ga Daɗin Kowa da Labarina. Amma da yamma, lokacin da a da yara ke kewaye ta don gatana, yanzu kowa ya sunkuya a kan tasa wayar. Ta zama mai labari ba mai saurare.

Abin da ya fi tsada ciwo shi ne baki. "Ke da girmanki?" Da wannan kalma ake hana ta rawa a bikin 'yar ƙanwarta, da ita ake hana ta lalle, da ita ake hana ta sabon ɗinki. Namiji sa'anta yana da majalisa kullum bayan la'asar, yana da dara a gindin bishiya, yana da shayi da gardamar siyasa har dare, ba wanda ya ce ya zubar da girma. Gaskiya ne bukukuwan yanzu sun ɗauko abin da ya cancanci suka: ankon da ke jefa mata bashi, gasar gudummawa, kiɗan lasifika har tsakar dare, da cakuɗuwar da malamai ke wa'azi a kai. Wannan gyara yake so. Amma idan aka tashi gyara sai a rufe ƙofar gaba ɗaya, wadda ake kullewa ita ce wadda ba ta da wani wurin zuwa.

Sannan ga jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata al'ada na ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 zuwa 55. Kafin nan da bayan nan mace kan yi fama da zafin jiki da ke taso mata ba zato, da zufa cikin dare, da rashin barci, da saurin fushi, da mantuwa. A gidaje da yawa ba a san sunan wannan ba. Sai a ce ta cika faɗa, ko kishi ke damun ta, musamman da yake a daidai wannan lokaci ne maigida kan ƙaro amarya. Wasu ma su ce iska ce, a shiga hayaƙi da rubutu. A wannan shekarun ne kuma hawan jini da ciwon suga ke shigowa ba sallama, ga shi tun da ta daina zuwa awon ciki babu wanda ya sake ɗaura mata abin awon jini a hannu. Mata da dama ba su san suna da hawan jini ba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Matar da ke cikin wannan hali, fita zuwa makaranta da ƙafa, da hira da sa'o'inta, da dariyar gidan biki, ba sangarta ba ce. Motsa jiki ne, kuma sauke nauyin zuciya ne, ga shi sau da yawa a bakin ƙawa ake fara jin cewa wannan ciwon kai na asibiti ne.

Hukumomi ba sai sun jira wani babban kasafi ba. Jega na da kwalejin kimiyyar lafiya ta jiha, cike da ɗalibai masu neman inda za su gwada abin da suka koya. Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na iya haɗa kai da ita a riƙa kai awon hawan jini da na suga makarantun Islamiyyar matan aure, inda matan suke taruwa da kansu ba sai an yi gayya ba, tare da ma'aikaciya mace da za ta yi musu bayanin ɗaukewar al'ada da Hausar da suke ji. Ma'aikatar harkokin mata kuma ta tuna cewa tun zamanin shirin Better Life na 1987 ake buɗe cibiyoyin mata ana raba keken ɗinki, kamar dai mace ba ta da wata buƙata sai ƙarin aiki. Wuri mai inuwa da tabarma da ruwan sha, inda mata za su haɗu su yi karatu, su yi saƙa, su yi hira, shi ma aikin raya ƙasa ne.

Kaso mafi girma yana cikin gida. Maigidan da ke ware kuɗin shayinsa na iya ware kuɗin motar zumuncinta. Ɗan da ke aiko da kuɗin cefane daga Abuja ko Legas na iya aiko da wani daban ya ce wannan nata ne, kada ya shiga tukunya. 'Yar da ke son gyara wa uwarta ɗaki ta tambaye ta kafin ta kwashe kwalla ta kai wa 'yan gwangwan.

A kuma ji labarinta tun tana da ƙarfin ba da shi. Littafin da masana a duniya suka fi dogara da shi kan rayuwar matan Hausa a da, Baba of Karo, wanda ya fito a 1954, ba komai ba ne illa hirar da wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna ta yi da wata dattijuwa a ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950. Da alƙalami da takarda ta yi aikin. Yau kowane ɗalibi a jami'ar Aliero, da masu nazarin Hausa a Kwalejin Ilimi ta Argungu da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yana yawo da na'urar naɗar murya a aljihu. Matan da aka haifa a shekarun 1970 su ne kusan na ƙarshe da suka yi gaɗa a dandali da farin wata, suka ji waƙar niƙa a bakin iyayensu, suka ga kakanninsu na kaɗi da mazari. Sun san yadda ake shirya amarya kafin zuwan ɗakin taro, sun san sunayen irin shinkafa da dawa da aka daina shukawa, da kuɗin da aka sayi buhun albasa shekarar da aka yi musu aure. Wanda zai yi hirar ya nemi izininta tukuna, ya zaɓi lokacin da ta sauke tukunya, kuma ya fara tambaya daga kwallar da ke saman jere.