Wutar Kainji da 'yar kwalbar da ke lalacewa a firiza

Duk mai ƙyanƙyasar tarwaɗa a Yauri ko Shanga ya san wata 'yar kwalba mai suna Ovaprim, wadda ake yi wa macen kifi allura da ita domin ta saki ƙwai. Kifin namu ne, ruwan namu ne, amma kwalbar daga waje take zuwa, kuma duk ranar da dala ta tashi kuɗinta sai ya bi ta.

Masu bincike a jami'o'inmu ma suna da irin tasu kwalbar, kuma tasu ta fi tsada, ta fi saurin lalacewa. Idan masani ya ɗebo ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam ya zuba su a faranti domin ya yi nazarin wata cuta, ba su ill su hayayyafa don an ba su abinci kawai ba. Sai an ɗiga musu wani sinadarin furotin da ke ba su umarnin girma da rabuwa. Fitacce a cikinsu shi ne EGF, wanda Stanley Cohen ya gano a gabar da ke samar da yawun ɓera. Shi da Rita Levi-Montalcini suka samu kyautar Nobel a 1986 saboda wannan fanni.

Yau galibi ba a yanka ɓeraye domin samun sa. Ana ɗauko ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin furotin ɗin, a dasa ta cikin ƙwayar bakteriya irin su E. coli, wadda kan rabu biyu cikin kusan minti 20 idan ta samu yanayi mai kyau. Bakteriyar ta yi ta ƙera furotin ɗin, a tace, a busar, a zuba a kwalba. Da wannan dabara aka fito da insulin na masu ciwon sukari a 1982. Abin da ke cikin kwalbar masu bincike bai kai ƙwayar gero ba, ido ma da ƙyar yake ganin sa, amma wani sai an biya ɗaruruwan daloli. Daga 2023 zuwa 2024 dala ta tashi daga kusan Naira 460 zuwa sama da 1,500, don haka kuɗin binciken da a da zai sayi kwalba uku, yanzu ɗaya zai saya.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Ngaski da wannan? Ruwansa da yawa. Tsargiya tsohuwar cuta ce a garuruwan bakin tafkin Kainji, inda yara ke wanka da su a ruwan da dodon koɗi mai yaɗa ta yake. Likitoci sun tabbatar cewa tsargiyar mafitsara idan ta daɗe tana iya kai mutum ga ciwon daji na mafitsara. Mai son ya gano yadda hakan ke faruwa a jikin mutanenmu sai ya raini ƙwayoyin mafitsara a ɗakin gwaji, kuma EGF na cikin abin da ake rainon su da shi. Idan kwalbar ta gagara, binciken ya tsaya. Ba kuwa wani kamfani a Turai da zai hana idonsa barci saboda ɗan masunci a Warra.

Ko an samu kuɗin, akwai sanyi. Waɗannan sinadarai ana ajiye su ne a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili ko fiye, kuma narkewa da sake daskarewa na rage musu ƙarfi. A nan abin takaicin yake. Madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, wadda aka gina domin ta samar da megawat 960, ta tashi mutane fiye da 40,000 daga gidajensu, ciki har da al'ummomin masarautar Yawuri. Amma har yau ɗalibi a wannan yanki kan kwana yana fargabar ɗaukewar wuta ta lalata masa aikin shekara guda.

Ra'ayina shi ne mu daina auna ci gaban bincike da tsayin gini. Ƙasar Kyuba, duk da takunkumin Amurka, ta buɗe cibiyar wannan fasaha a Habana a 1986, kuma bayan shekara 20 ta fito da Heberprot-P, maganin gyambon ƙafar masu ciwon sukari da aka yi da EGF. Ba na cewa gobe mu ma mu yi magani, domin wannan na buƙatar tsauraran gwaje-gwaje. Amma na amfanin ɗakin gwaji bai fi ƙarfinmu ba.

A fara da ƙarami. Hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin yankunan da ke samar da wutar ruwa kuma Kebbi na cikinsu, ta sa wutar sola ta musamman ga firizojin bincike a jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi da Zuru, da cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa. Ita kuma TETFund ta zaɓi ɗakin gwaji ɗaya a Arewa maso Yamma, ta ɗora masa ƙera furotin biyu ko uku da aka fi buƙata, a gwada ingancinsu da na waje, a sayar wa sauran jami'o'i da Naira.

Na san akwai matsalar tsaro da hatsarin jiragen ruwa, kuma su ne a gaba. Sai dai kuɗin firiza da sola bai kai na jerin gwanon motocin babban jami'i guda ba. Mutanen da suka bar gonakinsu da kaburburan iyayensu a ƙarƙashin ruwa domin ƙasa ta samu haske, sun cancanci a yi binciken cututtukansu da wannan wutar.