Kada Ka Sayar da Lens Don Ka Sauya Kyamara

Rubutun wannan mako ya shafi masu ɗaukar hoto da bidiyo a cikinmu, da masu tara kuɗi don shiga sana'ar, har ma da iyaye da yayye da ake zuwa wurinsu neman jari.

Akwai wani ciniki da ya zama ruwan dare a tsakanin matasan masu hoto. Mutum ya yi shekara uku ko huɗu yana ɗaukar biki da kyamara mai madubi, ya tara gilasan kyamara biyu ko uku da guminsa, wato abin da masu sana'a ke kira lens. Sai ya ga abokai sun koma sababbin kyamarori marasa madubi. Nan take ya kwashe kayansa kaf ya kai wa dillali, a yi musu kuɗin wulaƙanci, ya cika ya sayi sabuwar kyamara da lens ɗaya tak, irin wanda ake haɗowa a kwali. Kyamararsa ta fi ta da, amma hotonsa ya ja baya. A ganinmu wannan asara ce da ɗan zoben ƙarfe guda, wanda ake kira adafta, zai iya karewa.

Dalilinmu na farko shi ne jarin mai hoto a lens yake. Jikin kyamara kwamfuta ce ƙarama, kuma kowa ya san yadda kwamfuta take tsufa: bayan 'yan shekaru an fito da wadda ta fi ta, darajarta ta faɗi. Lens kuwa gilashi ne da ƙarfe. In an kare shi daga faɗuwa da danshi, zai yi wa uba aiki ya yi wa ɗa. Kamfanin Nikon ya fito da bakin kyamara mai suna F a 1959, kuma har yau akwai gilasan wancan zamani da ke fitar da hoto garau. Da tsohuwar zuma ake magani. Sannan mu tuna halin da naira ta shiga: kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk kayan hoto daga waje ake shigo da su. Lens ɗin da ka saya kafin wannan lokaci, in ka rabu da shi yau, da wuya ka sake mayar da kamarsa.

To ta yaya adafta ke aiki? Kowace kyamara tana da baki, inda ake murɗa lens ya zauna. Kowane kamfani da irin nasa bakin, shi ya sa lens ɗin Canon ba ya hawa Sony kai tsaye. Bayan bambancin siffa akwai wani abu mafi muhimmanci, wato tazarar da ke tsakanin bakin da sensa, allon da ke karɓar haske a cikin kyamara. An ƙera kowane lens ne don ya zauna a wata tazara tabbatacciya daga sensa. A bakin Canon EF tazarar milimita 44 ce, a Nikon F kuwa 46.5. Sun yi nisa haka ne saboda akwai madubi a tsakani da ke buƙatar wurin ɗagawa. Da aka cire madubin sai tazarar ta ragu: Canon RF milimita 20, Sony E 18, Nikon Z 16. Aikin adafta shi ne cike wannan gibi. Idan za ka ɗora lens ɗin EF a kan kyamarar RF, zobe mai kaurin milimita 24 kake buƙata. Babu gilashi a cikinsa, fanko ne, don haka ba shi da abin da zai rage wa hoto na kyau.

Daga nan ƙa'ida ɗaya ta fito, wadda in ka riƙe ta ba mai yi maka wayo a kasuwa: lens mai doguwar tazara yana hawa kyamara mai gajeriyar tazara, amma ba a juyawa. Za ka iya ƙara tazara da zobe, ba za ka iya tura lens cikin kyamara ba. Shi ya sa tsofaffin gilasai ke hawa sababbin kyamarori marasa madubi, sababbin gilasan RF ko Z kuwa ba sa hawa kyamara mai madubi. Shi ya sa kuma lens ɗin Nikon F ke hawa Canon EF da siririn zobe, na Canon kuwa ba ya hawa Nikon F yadda ya kamata. Idan wani ya nuna maka adaftar da ta karya wannan ƙa'ida, ɗayan biyu ne: ko dai an saka mata ƙaramin gilashi a ciki wanda galibi ke dusashe hoto, ko kuma fokas ba zai kai nesa ba. Fuskar da ke kusa za ta fito, mahayin da ke can ƙarshen filin hawan sallah kuwa sai dishi-dishi.

Tarihi ma ya nuna muhimmancin wannan lissafi. A 1987 Canon ya watsar da tsohon bakinsa na FD ya koma EF. Tazarar FD milimita 42 ce, ta EF 44, don haka waɗanda suka tara gilasan FD suka tashi da kayan da ba sa hawa sabuwar kyamarar kamfaninsu sai da adafta mai gilashi. Shekaru da dama waɗannan gilasai suna kwance ana sayar da su a banza. Da kyamarori marasa madubi suka zo, Panasonic da Olympus da tsarinsu a 2008, Sony E a 2010, sai ga su sun farfaɗo, har masu shirya fim suna neman su ruwa a jallo. Lokacin da Canon da Nikon suka fito da RF da Z a 2018, kowannensu ya fito da adaftarsa tare da kyamarar. Sun san ba wanda zai yarda ya zubar da jarin shekara talatin a dare ɗaya. Idan kamfanin da ya ƙera kyamarar ya tanadi adafta da kansa, ba mu ga dalilin da zai sa ɗan uwanmu ya ji kunyar a gan shi da ita a wurin dina ba.

Sai dai adafta iri-iri ce, kuma a nan ne ake tafka asara ta biyu. Akwai ta ƙarfe zalla, marar waya a ciki. Ita ce mafi arha, kuma ta dace da tsofaffin gilasai masu zoben fokas da zoben ƙofar haske a jikinsu, kamar Helios 44-2 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, mai tsawon milimita 58 da bakin dunƙule na M42. Da hannu za ka yi komai. Amma in ka ɗora lens ɗin Canon EF a kan irin wannan adafta, ka shiga uku, domin EF ba shi da zoben ƙofar haske. Kyamara ce ke ba shi umarni ta lantarki, in babu waya sai ƙofar ta tsaya a wangale. Irin wannan lens yana buƙatar adafta ta biyu, mai ƙananan haƙoran lantarki da ke isar da saƙo tsakanin lens da kyamara. Ta uku ita ce mai gilashi na musamman da ke tattaro haske, irin Speed Booster da kamfanin Metabones ya fito da ita a 2013. Tana mayar da lens mai milimita 50 kamar 35, ta kuma ninka hasken da ke isa sensa sau biyu, amma a kyamara mai ƙaramar sensa kawai take da amfani.

Akwai tarkuna uku da muke so kowa ya sani kafin ya zaro kuɗi. Na farko na mutanen Nikon ne. Adaftar FTZ tana yin fokas da kanta ne kawai da gilasai masu mota a cikinsu, irin masu alamar AF-S ko AF-P. Shahararren 50mm f/1.8D mai arha ba shi da mota, don haka a kan Z da hannu za ka juya shi. Na biyu na masu Canon M50 da 'yan uwanta ne. Bakinsu EF-M ne, mai tazarar milimita 18, kuma gilasansa ba sa hawa RF. Kamfanin ma ya daina fito da sababbin kaya a wannan layi. Mai M50 da ke da hangen nesa gara ya sayi lens ɗin EF ya haɗa da adafta, domin gobe zai bi shi zuwa kusan kowace kyamara marar madubi. Na uku girman sensa ne. Lens mai milimita 50 a kan ƙaramar sensar Canon yana ganin abin da 80 ke gani a babbar sensa, a kan tsarin Panasonic da Olympus kuwa kamar 100. Wanda ya saye shi don ɗaukar ƙawayen amarya a ƙaramin falo zai ja da baya har ya jingina da bango, mutum uku kawai suka shiga.

Mun san wasu za su ce lens ɗin da aka ƙera wa kyamara ya fi komai, adafta kuwa faci ce. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, bai kamata mu share ta ba. Sababbin gilasai da yawa sun fi sauƙin nauyi, motarsu ta fi shiru, abin da mai bidiyo ke buƙata. Kuma idan aka haɗa lens ɗin wani kamfani da kyamarar wani, kamar Canon a kan Sony, adaftar tana yin tafinta ne tsakanin harsuna biyu, wani lokaci fokas ya yi ta lalube, musamman a wuri mai duhu. Biki kuwa ba a maimaita shi. Ba wanda zai ce wa uwar amarya ta sake rungumar 'yarta saboda kyamara ba ta kama ba. Sunan mai hoto a bakin kwastoma yake, hoto ɗaya da ya kuɓuce a wurin kamu zai iya rufe masa ƙofar dangi guda.

Amsarmu ita ce wannan hujja ba ta hau kan kowace adafta ba. Canon EF a kan RF da adaftar Canon, ko Nikon AF-S a kan Z da FTZ, harshe ɗaya suke yi, babu tafinta, kuma masu aikin kuɗi a duniya suna amfani da su kullum. Matsalar ta fi zuwa daga haɗa kamfanoni biyu, da kuma adaftar da ba a san asalinta ba, mai girgiɗi, wadda kaurinta bai cika daidai ba. A nan kuskuren da bai kai kaurin farce ba ya isa ya sa gefe ɗaya na hoto ya dusashe. Araha ba ta ado. Bai dace mutum ya rataya lens na dubban ɗaruruwa a kan zoben da ya fi kowanne arha a intanet ba, ballantana mai nauyi irin 70-200mm f/2.8 da ya kai kusan kilo ɗaya da rabi.

Akwai kuma abin da ya kamata mu lura da shi game da su kansu kamfanonin. Bakin kyamara hanya ce ta ɗaure mai saye. A 2011 Sony ya buɗe bayanan bakinsa na E ga sauran masu ƙera gilasai da adafta, shi ya sa mai Sony ke da zaɓi mai yawa daga Sigma da Tamron da sauransu. Canon kuwa ya riƙe RF gam, sai a 2024 ya ba Sigma da Tamron izinin yin gilasai masu fokas da kansu, su ma na ƙaramar sensa. Ga wanda ke samun kuɗinsa da naira, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kafin ka zaɓi kyamara, ka tambayi abin da zai iya hawa bakinta da kuɗin da kake da shi, domin da gilasan za ka zauna, ba da kwalin ba.

Saboda haka ga shawararmu a taƙaice. In kana da gilasai masu kyau, riƙe su, ka sauya jikin kyamara kaɗai, ka sayi adaftar kamfanin ko da ta gwanjo ce. In sabon shiga ne kai, tsofaffin gilasan EF da F na hannu sun fi sababbi sauƙin kuɗi, kuma 50mm f/1.8 guda zai koya maka haske fiye da wanda ake haɗowa a kwali. Kada ka biya sai ka je da kyamararka ka gwada: ka ɗauki abu na kusa, ka ɗauki na nesa, ka girgiza lens ɗin a hankali ka ji ko yana motsi. Ka haska fitilar waya ta cikin gilashin ka duba ko akwai fumfuna, mai kama da saƙar gizo, wadda danshin damina ke haifarwa. Lokacin hunturu kuma ka tuna kyamara marar madubi sensarta kusa da baki take, ƙura ba ta da shamaki. Ka bar adaftar a jikin kyamara, ka sauya lens da sauri, bakin yana kallon ƙasa. Sabon haɗi kuwa a gida ake gwada shi, da yara suna guje-guje a tsakar gida, ba ranar ɗaurin auren mutane ba.

Ga iyaye da yayye kuma, idan yaro ya zo yana cewa dole sai an sauya komai, ku tambaye shi ko ya bincika adafta. Tambaya ɗaya za ta iya rage rabin kuɗin da za a kashe, ragowar a sa a fitila ko makirufo, waɗanda su ma suna gyara aiki.

Masu sana'ar da ke cikinmu, musamman waɗanda suka haɗa kamfanoni biyu, muna so ku faɗa mana a ƙasa wane lens kuka ɗora a kan wace kyamara, da wace adafta, da yadda fokas ya kasance a wurin biki da dare. Na baya za su amfana. Allah ya sa wa sana'a albarka.