Fim Ɗinmu Na Mako: Doki Ɗaya, Ɓarayi Biyu

  A wannan makon mun koma can baya, zamanin fina-finan kaboyi, irin waɗanda iyayenmu da kakanninmu suka riƙa bin layin silima don su kalla. Wanda muka zaɓo muku sunansa One-Eyed Jacks, ya fito a Amurka a 1961. Shahararren jarumin nan Marlon Brando ne tauraronsa, kuma shi ya ba da umarni. Duk tsawon rayuwarsa, wannan ne kaɗai fim ɗin da ya taɓa ba da umarninsa.

Bari mu fara da sunan, don shi ma darasi ne. A cikin karta akwai hoton wani barde da ake kira Jak, guda huɗu ne. Biyu daga cikinsu ta gefe aka zana su, ido ɗaya kawai ake gani, ɗaya ɓangaren fuskar a ɓoye yake. Da su aka kwatanta mutanen wannan fim, domin kusan kowa a cikinsa yana da fuskar da yake nuna wa jama'a da wadda yake ɓoyewa.

Labarin ya fara a 1880 a jihar Sonora ta ƙasar Meziko. Wasu ɓarayi uku sun fasa banki sun kwashe zinare. Akwai saurayi mai suna Rio, wanda Brando ya fito a matsayinsa, akwai Doc, sai babbansu Dad Longworth, wanda Karl Malden ya taka. Ku lura da sunan nan Dad, ma'anarsa Baba. Haka Rio yake kiransa, haka kuma ya ɗauke shi.

'Yan sandan dawaki na Meziko suka biyo sawunsu. Aka kashe Doc, aka harbe dokin Rio, su biyun suka maƙale a kan wani tudu da doki ɗaya tal. Suka yanke shawarar ɗaya ya hau dokin ya je wata gona ya samo sababbin dawaki, ɗayan ya tsaya ya tare 'yan sanda. Suka yi ƙuri'a da harsashi, Rio ya yi dabara ta faɗa kan Dad, don ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Dad ya tafi da zinaren, ya isa gonar, ya sami doki. Ya ɗan tsaya ya yi tunani, sai ya juya linzami ya kama gabansa. Rio ya yi ta zuba ido har aka zagaye shi aka kama shi.

Shekara biyar ya yi a kurkukun Sonora kafin ya gudu tare da wani fursuna, Chico Modesto. Da ya bi diddigin Dad, sai ya same shi a garin Monterey da ke bakin teku a jihar Kalifoniya ta Amurka. Abin mamaki, tsohon ɓarawon nan ya zama shugaban 'yan sandan garin. Ya yi aure, yana da gida, yana riƙon ɗiyar matarsa mai suna Louisa, jama'a suna girmama shi.

Wurin da ya fi burge mu a fim ɗin shi ne haɗuwarsu ta farko. Mun zaci za a zaro bindiga nan take, sai muka ga an zauna ana gaisawa. Dad ya shirya ƙaryar dalilin da ya hana shi dawowa. Rio ma ya yi tasa ƙaryar, ya ce ai ba a kama shi ba, ya tsere tun ranar. Kowa yana murmushi, na ciki na ciki.

Daga nan ne muka fara jin haushin Rio ɗin da muke tausaya wa. Don ya ƙona wa Dad rai, sai ya yaudari Louisa da ƙarairayi, yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Shi kuwa Dad, da ya sami dama bayan Rio ya harbe wani mashayi a faɗa, sai ya sa aka ɗaure shi a tsakiyar gari, ya zane shi da bulala, ya kuma farfasa masa hannun dama da gindin bindiga. A idon jama'a hukunci yake yi, alhali tsoron tonon asiri ne yake cinsa. Ba za mu faɗa muku yadda aka ƙare ba, sai dai ku tuna abin da Hausawa suke cewa, alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

To, me ya sa muka kawo muku wannan tsohon fim? Da muka kalle shi da abokanmu a ɗakin kwanan ɗalibai, gardama ta kaure. Yawancinmu Dad muka yi ta zagi. Sai wani daga cikinmu ya yi wata tambaya da ta sa muka yi shiru: mutumin da kuka haɗu da shi a kan cin amanar jama'a, da wace hujja za ka sa ran ya riƙe taka? Abin da ya haɗa Rio da Dad kwasar dukiyar mutane ne. Muddin kowa yana da dokinsa, abota tana tafiya lafiya. Ranar da doki ya zama ɗaya, Dad ya yi wa Rio abin da su biyun suka saba yi wa wasu.

Wannan ya tuna mana da abin da ya faru muna aji biyar a makarantar kwana. Wasu 'yan ajinmu su huɗu suna da al'adar tsallake katanga da dare su shiga gari. Sun yi rantsuwa cewa duk wanda aka kama ba zai ambaci sauran ba. Wata rana maigadi ya haska su da tocila. Wanda yake kan katanga, wanda ya kamata ya miƙo hannu ya jawo na ƙasa, ya dira ya ruga. Aka kama ɗaya. Bai kai awa ɗaya a ofishin shugaban makaranta ba ya lissafa sunayen sauran ukun. Aka dakatar da su duka ana dab da jarrabawa, kuma har muka gama makaranta biyu daga cikinsu ba sa ga maciji da juna. Haka abin yake ga masu haɗa baki a yi satar amsa, haka yake ga masu shiga ƙungiyar daba a unguwa. Ana yawan rantsuwa a irin wannan abota, amma ba ta jure ranar kamu.

Darasi na biyu na wanda aka cuta ne. Lallai an ci amanar Rio, babu mai musun wannan. Amma ya bar fushin ya zame masa sana'a, har ya cuci wadda ba ta yi masa komai ba. Idan aboki ya yaudare ka a makaranta, ya kai ƙararka a kan ƙarya ko ya tona sirrinka, kana da damar ka janye jiki, ka kai maganar ga malami ko iyaye. Amma ƙanwarsa da littattafansa da sauran abokansa ba su da laifi, kada ka huce a kansu.

Ga masu son kallo, fim ɗin ya kai kimanin awa biyu da minti ashirin. Ya bambanta da sauran fina-finan kaboyi, domin ban da sahara da duwatsun da aka saba gani, za ku ga igiyar teku tana dukan gaɓa. A 2016 aka gyara hotonsa da taimakon manyan masu ba da umarni biyu, Martin Scorsese da Steven Spielberg, a 2018 kuma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa saboda muhimmancinsu. Akwai duka da harbe-harbe a ciki, don haka ba na ƙananan yara ba ne. Ku bari sai lokacin hutu, ku kalla tare da wani babba a gida.

Tambayarmu ta wannan makon: da kai ne Rio, ko ke ce, bayan shekara biyar a kurkuku ka tarar da Dad ya zama mutumin kirki a idon jama'a, za ka tona masa asiri, za ka yafe, ko za ka kama gabanka? Ku rubuto mana amsa tare da dalili, da sunan makaranta da aji. Za mu buga waɗanda suka fi ma'ana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.