Na'urar ƙirga awannin tuƙi: a sa wa mai zuwa Kusiri, a ɗaga wa mai kwana a gida ƙafa

Duk mai bin hanyar Ngaundere zuwa Garwa ya san gangaren Mbe, ya kuma san yawan tirelolin da suka faɗi a wurin. In ka tambaya sai a ce birki ne ya tsinke, ko a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma akwai abin da ba mu cika faɗa ba, wato barci. Daga Duwala zuwa Injamena tafiyar kusan kilomita 1,800 ce, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne a kan sitiyari, yana korar gyangyaɗi da goro da kofi, wani ma har da ƙwaya.

Bayan hatsarin gangaren Dschang a yammacin ƙasar nan, ranar 27 ga Janairun 2021, inda bas ta yi karo da motar da ke ɗauke da mai, mutum 53 suka rasu, Ma'aikatar Sufuri ta fara sanya kyamarori da na'urar bin sawu a motocin fasinja masu dogon zango. A ganina manyan motocin kaya su ma suna buƙatar na'urar da za ta riƙa ƙirga awannin da direba ya yi yana tuƙi. Amma fa ba kowace mota ba.

Ga yadda wasu ƙasashe suka yi. A Amurka tun Disambar 2017 doka ta wajabta wannan na'ura, wadda ake haɗawa da injin mota. Direba ba ya wuce awa 11 yana tuƙi, sai ya huta awa 10 a jere. A Tarayyar Turai awa 9 ne a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. Sai dai Amurka ta yi rangwame: direban da bai yi nisan da ya wuce kimanin kilomita 278 daga inda ya tashi ba, kuma ya dawo ya sauka aiki cikin awa 14, ba dole ne ya sa na'urar ba. Mai motar ne zai ajiye lissafin lokacin fitarsa da dawowarsa.

Wannan rangwame yana da hikima, kuma muna buƙatarsa. Mai tipa da ke ɗibar yashi a bakin Binuwai, mai kawo masara daga Ngong, mai ɗauko siminti daga Figil, mai kai auduga daga ƙauyuka zuwa masana'antar Sodecoton a Garwa, duk a gidajensu suke kwana. Da yawansu tsohuwar mota ɗaya ce jarinsu. A ɗora musu kuɗin na'ura da na intanet, ai an kashe su ke nan, ko kuma an buɗe sabuwar ƙofar "kawo na goro" a kowane shinge.

Amma kada mu kwafi ma'aunin nasu ido rufe. Da kilomita 278, daga Garwa har Ngaundere da Marwa duk sun shiga gajeren zango. To, wanda ya hau gangaren Mbe da lodi, ya bi layin sikeli, ya tsaya a shingaye, sannan ya juyo, wa zai ce ya yi gajeriyar tafiya? A nan da awanni ya kamata a auna, ba da nisa ba. Wanda ya fita ya dawo gida cikin yini, a ƙyale shi. Wanda zai kwana a hanya, a sa masa.

Sannan wa za a ci tara? Direba ba don daɗi yake ƙin barci ba. Mai mota ne ke bugo waya yana cewa kaya su isa Kusiri jibi, kuɗin hanya kuma in ya ƙare ya ƙare. In na'ura ta nuna an wuce ƙa'ida, mai motar ne ya kamata ya fara amsa tambaya. Lokacin da aka ɓata a shinge da wajen kwastan shi ma a lissafa shi cikin aiki. Kuma ba za ka ce wa mutum ya tsaya ba alhali babu wurin tsayawa. Tsakanin Mora da Kusiri, wa zai yarda ya kashe mota a daji da dare don na'ura ta yi ƙara? A gina wuraren fakin masu tsaro da ruwa da wurin salla tukuna.

'Yan'uwana direbobi, kada ku ɗauki na'urar nan a matsayin ɗan leƙen asiri. Ita ce shaidarku ranar da maigida zai ce kun yi lalaci. Ina kira ga ƙungiyoyinku da hukumar BGFT mai kula da rabon lodi da su zauna da ma'aikatar, su nemi a rubuta rangwamen nan da hakkin hutu a cikin doka. Motar amana ce, ran yaron mota da na mai babur da ke gabanka su ma amana ne. Allah Ya kai kowa gida lafiya.