Sharhi: Hutun Awa Guda ga Ma'aikatan Kasuwannin Dei-Dei

A kasuwannin katako da kayan gini na Dei-Dei, a kan babbar hanyar Kubwa zuwa Zuba, da yawa daga cikin masu shaguna sun ɗauka cewa hutun rana alheri ne da maigida ke yi wa yaransa in ya ga dama. Doka ba ta ce haka ba.

Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta 1974 ya tanadi cewa duk ma'aikacin da ke aikin awa 6 ko fiye a yini, a ba shi hutu, sau ɗaya ko a rarrabe, wanda jimlarsa ba za ta gaza awa guda ba. Haka kuma cikin kowane kwana 7 yana da hutun awa 24 a jere; in an tauye masa, a rama masa cikin kwana 14 ko a biya shi ladan ƙarin lokaci. A Amurka jihohi ne ke tsara wannan batu, alal misali Kalifoniya da ta wajabta rabin awa na cin abinci ga mai aikin fiye da awa 5. A Nijeriya kuwa Tsarin Mulkin 1999 ya bar harkar ƙwadago a hannun Tarayya, don haka ƙa'idar Kano ita ce ta Abuja.

Abin da ya fi cancantar lura shi ne ma'anar hutun. A wajen doka, hutu lokaci ne da aka ƙayyade tsawonsa tun da farko, wanda ma'aikaci ke da ikon sarrafa shi, ba tare da an tsare shi a wurin aiki ba. Yaron shagon da ke cin garau-garau a kan buhun siminti, idonsa na kan masu saye, bai huta ba. Gaskiya ne dokar ta yarda a ci abinci a wurin aiki maimakon hutu, amma sai inda yanayin aikin ya sa ba makawa. Cunkoson ciniki na kullum ba uzuri ba ne. Kuma yarjejeniyar fatar baki, wadda da ita ake ɗaukar akasarin leburori, tana ƙarƙashin dokar.

Masu injin yankan katako ne ya kamata su fi kowa kulawa, domin sashen ya nemi ƙarin ɗan hutu jefi-jefi ga mai aiki da na'ura mai gajiyarwa. Kuskure ɗaya na gajiyayye a bakin zarto na iya cinye ribar wata da kuɗin asibiti, ko ya kai maigida gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwar na iya sauƙaƙa lamarin: kowane shago ya raba yaransa kashi biyu a lokacin Azahar, wasu su fita wasu su tsare, a kuma rubuta lokacin a takardar sharuɗɗan aiki da sashe na 7 ya ce a bai wa ma'aikaci cikin wata 3 da fara aikinsa.